Ƙullin Zare a Wuyan Riga

Kwat ɗaya maigidana yake da ita, shuɗiya mai duhu, amma mutanen unguwarmu ta Titirou sun rantse uku ce. A Kwatano aka ɗinka masa ita shekarar da Turawa suka miƙa mulki, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomai, aka fara ba 'yan ƙasa kujerun da a da sai dai su goge musu ƙura. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shat da karabat, wato wannan ƙyallen wuya da mutanen Najeriya ke kira taye. Yau ya fito da farar shat da karabat ruwan hanta, gobe shat ruwan bula da karabat mai ɗigo-ɗigo, sai ka ga kamar kwat ɗin ma an sake ta.

Ni 'yar mahauta ce daga Djougou. A gidanmu namiji riga da hula ne, in an wanke an buga, magana ta ƙare. Da aka kawo ni Parakou na tarar da mutum mai dokoki a kan ƙyalle kamar liman a kan alwala. Karabat sai ya fi shat duhu. In shat tana da ratsi, karabat ba zai yi ratsi ba. Ja mai haske na ranar biki ne. Kore kuwa ko kusa da shuɗiyar kwat ba ya zuwa, ko da yake yana da guda ɗaya da wani abokinsa ya ba shi, yana rataye a ƙusa don kara. Kullum da safe sai ya tsaya bakin taga yana ɗora wannan a kan wancan, kokonsa yana hucewa.

"Wannan iyayi har ina?" in ce masa. "Wa zai duba wuyanka?"

"Madam, ba ki san biro ba," ya ce, yana nufin ofis. "Can wuyan ake fara dubawa kafin a ji mi ke bakinka."

Ranar da ya so koya min bambancin ruwan hanta da ja, na ce ya dakata. Hanta dai a hannuna ta girma, na san ta safe na san wadda ta kwana, karabat ɗinsa kuma na wadda ta kwana ne. Ya yi kwana biyu bai ɗaura shi ba.

Aikinsa a ofishin wani kamfani ne da ke sayen auduga da kaɗanya kusa da tashar jirgin ƙasa. Shi ke karɓar 'yan kasuwa da manoma, domin yana jin Hausa da Dandanci da Fillanci da yaren Bargawa, ga Faransanci. Aikin baki ne, rubutu akwai masu yi. Kafin a ba shi wannan kujera ya yi shekaru yana yawon awo a ƙauyukan Sérou da Onklou, yana kwana a bakin rafuka inda wasu ƙananan ƙudaje ke cizon mutum har jini. Ya kan ba da labarin yana dariya, yana nuna tabon da suka bar masa a ƙwauri.

Mun daɗe ba haihuwa. Daɗewar da har maƙwabta suka gaji da tambaya. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, tana zaune a wata unguwa tare da ƙanensa, tana sayar da soyayyen nama. Ba muguwa ba ce, ban taɓa zuwa gidanta na dawo hannu rabbana ba. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: ta yi ta yi da ɗanta ya ƙara aure ya ƙi, kuma a ganinta namiji mai albashi ba ya ƙin wannan da hankalin kansa. Ba ta taɓa faɗa min ba. A kallon da take yi wa tukwanena nake gani.

Wata safiya ina shara na ɗaga kai na gan shi a bakin taga ya ɗora koren karabat a kan shat ruwan bula mai ratsi, yana gyaɗa kai alamar ya yi. Na fashe da dariya, na ɗauka tsokanata yake yi.

"Yau kuma aku za ka koma?"

Ya juyo. "Wanne ne wannan a hannuna?"

"Koren mana."

Ya zauna a bakin gado da ƙyallen a hannunsa. Can ya ce in rufe ƙofa. Ya ce ya fi shekara yana ganin abubuwa kamar ta cikin hayaƙin murhu. Launuka masu duhu duk sun zama ɗaya, fari da ruwan bula ma sai ya yi da gaske. Ya je wajen likita a ɓoye, an ce cizon ƙudajen nan ne, kuma abin gaba zai yi ba baya ba. Hanyar ofis ƙafarsa ta san ta, mutane kuma da murya yake gane su. Tufafin ne kawai za su tona shi, don duk garin an san shi da su. A kamfanin nan kuwa ba a riƙe mai lalura. Ya ga yadda aka sallami wani da kunnensa ya yi nauyi, ranar Litinin yana nan, ranar Talata babu shi.

"Kada kowa ya ji," ya ce. "Ko Inna. In ta ji za ta yi kuka a kasuwa, kafin la'asar labari ya kai biro. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma abin da na fara yi shi ne na ƙwace koren na miƙa masa ruwan hanta, don ya kusa makara.

Daga ranar ni na gaji taga. Duk dokokin da na yi shekaru ina yi wa ba'a ashe sun zauna min daram. In na goge shat da dutsen guga sai in ɗora mata karabat ɗinta in ajiye a kan kujera, shi kuma ya ɗaura da hannunsa, don wannan ba ya buƙatar ido. Har na fara ƙarin kaina. Na gano shat ɗinsa mai ruwan toka ta fi kyau da karabat shuɗi wanda ya ɗan fi kwat ɗin duhu, abin da shi bai taɓa gwadawa ba. Ya dawo ya ce shef ɗinsu, wato shugaban ofis, ya yaba. Na ce to a gaishe da 'yar mahauta.

A cikin wannan hali ne Allah ya ba ni ciki. Murnar da muka yi ba ta faɗuwa, sai dai ta zo da matsala. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, tun ciki ya tsufa mace take tafiya, ba ta dawowa sai ta gama wankan jego. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa Djougou ba tare da an tambayi dalili ba. Inna kuma ta riga ta ce ita za ta dawo gidanmu ta riƙa dafa wa ɗanta abinci har in dawo.

Na zauna na yi tunani, sai na ɗauko allura da zare. A cikin wuyan kowace shat, ta baya inda ba a gani, na yi ƙulli da zare mai kauri. A bayan siririn bakin kowane karabat ma haka. Shat mai ƙulli ɗaya tana tafiya da karabat mai ƙulli ɗaya, mai biyu da mai biyu, har suka ƙare. Ja na biki na yi masa dogon zare mai lilo. Koren ban sa masa komai ba, duk wanda ya shafa ya ji wayam, ya mayar. Muka gwada, na rufe taga, ya shafa da babban yatsa ya haɗa su duka daidai. Ya yi dariya ya ce da ni aka ba mulkin ƙasar da an huta. Na hau mota zuwa Djougou hankalina kwance.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Makonnin farko lafiya lau. Wanki wani mai wanki ke karɓa, shi kuma ba ruwansa da zare. Sai wata rana mutumin ya yi zazzaɓi, Inna ta ce ita ba za ta zuba ido kayan ɗanta su taru ba. Ta zauna gaban baho ta juya wuyan shat don ta cuɗa, ta ga ƙulli. Ta juya ta biyu, ta ga ƙulli biyu. Ta tashi da kumfa a hannu ta shiga ɗaki ta duba karabat ɗaya bayan ɗaya.

A wurinmu zaren da aka ƙulla aka ɓoye a tufafin namiji, a daidai wuyansa, ma'anarsa ɗaya ce. Ni kaina da na gani a rigar wana abin da zan ce ke nan. Ban san yadda aka yi wannan bai zo min a rai ba lokacin da nake ɗinkin. Inna ta ga amsar tambayar da ta daɗe tana yi. Ta sa reza ta yanke su tas, ta ƙunshe a ganye, ta kai wa ƙanen mijinta, Baffa, wanda ke koyar da Alƙur'ani a Titirou. Ya warware su ɗaya-ɗaya yana tofi, ya ƙone.

Washegari maigidana ya shafa wuyan shat bai ji komai ba. Ya shafa wata, haka. Ya shafa karabat duk wayam. Lokaci na tafiya, ya ɗauka da ka, ya fita da koren a kan shat mai ratsi. A ofis aka yi ta dariya, wani ya tambaye shi ko sabon yayi ne daga Paris. Shef bai yi dariya ba, ya dai dube shi ya sake dubawa. Da ya dawo gida Inna ta tare shi da ganyen da babu komai a ciki, ta ce Allah ya tona asirin matarsa. Shi kuma ya bar ta a kan zarginta. Kwanakin da suka biyo baya karabat ɗaya ya riƙa maimaitawa, wanda ya gane ta wani ɗan zare da ya zare a gefensa.

Ni ina can na haifi 'ya mace, ban san wainar da ake toyawa ba. Kwana biyu da haihuwa wani dillalin shanu, ɗan'uwan Baffa, ya sauka a gidanmu da saƙon baki. Dangin miji ba za su zo suna ba, kuma kada a mayar da ni Parakou sai an zauna. Mahaifina ya shigo har ɗakin da nake, abin da ba ya yi. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ɗiyata, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ƙulla zare a kayan mijinki?"

"Na ƙulla, Baba."

"Na mine ne?"

Na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke ni, tana nan a kan harshena. Amma dillalin yana zaune a zaure, kuma gobe zai koma kasuwar shanu ta Parakou.

"Ba na cuta ba ne, Baba."

"Ban tambaye ki na mi ba ne ba. Na mine ne?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce shi dai bai taɓa ciyar da mu da abin boka ba, ya fita. Wannan maganar ta fi mari zafi. Mahaifiyata ta ci gaba da yi min wanka safe da yamma, tana watsa min ruwan zafi da ganye ba ta ce min sannu. Matan da ke zuwa barka suna leƙa jaririya su saci kallona.

Zan faɗi gaskiya, ba Inna na ji haushi ba. Mijina na ji haushi, haushi mai tsanani. Ya san gaskiya, yana da baki, bakin da yake ci da shi ma, ya bar ni da ɗanyen jiki ana min kallon matsafiya. Ina shayar da 'yarsa ina tsara maganganun da zan yaɓa masa. Duk da haka ban yi niyyar faɗa ba. Na san in aikin ya tafi ba wani zai samu ba, kuma na ga fuskarsa ranar da ya zauna a bakin gado.

Ana jibi suna, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Shi ne da Inna da Baffa. Na leƙa ta labule. Ya zo gidan surukai cikin kwat, abin da bai taɓa yi ba, jar ƙurar hanya ta mayar da ita wata kala, wuyan shat a buɗe. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban mahaifina, wandon yana neman yagewa. Zauren a cike yake, da baffannina da maƙwabta da abokan sana'ar Baba. Aka kira ni, na zauna daga bayan ƙofa inda nake jin komai ina ganin rabi.

Baffa ya fara jawabi, maigidana ya ce a gafarce shi, shi zai yi magana. Baffa ya ce a bari a sallami mutane tukuna. Maigidana ya ce a'a, a gabansu aka ɓata ta, a gabansu za a gyara. Ya buɗe jaka ya zazzage karabat ɗinsa duka a kan tabarma.

"Inna, ɗauki ɗaya ki ɗaga."

"Wane irin wasa ne wannan a gaban manya?"

"Ɗauki dai."

Ta ɗauki ja mai haske, na biki. Ya ƙura ido ya ce baƙi ne. Ta ɗauki wani shuɗi, ya ce wataƙila kore. Ya ce to sun gani. Idonsa ke tafiya, likita ya tabbatar. Zaren nan idonsa ne, da shi yake fita cikin mutane ba a yi masa dariya ba. Shi ya sa ni rantsuwa kada in faɗa, kuma shi ya yi shiru don tsoron aikinsa, ya bar ni a ciki.

"Ƙarya kake," in ji Inna. "Rufa mata kake yi. Abin nata ne bai sake ka ba."

"Inna, yaushe rabon da in gaishe ki kafin ki yi magana?"

Ina kallonta tana lissafi da ido. Ta tuna yadda yake shigowa gida ya tsaya sai ta ce sannu da zuwa sannan ya juya wajenta. Ta tuna ranar da ya wuce ta a bakin kasuwa ta ɗauka girman kai ne. Karabat ɗin ya zame daga hannunta. Baffa yana ta salati ƙasa-ƙasa. Mahaifina ya juyo wajen ƙofar da nake, ya share fuskarsa da hannun riga.

Kowa a zauren ya san abin da maigidana ya yi wa kansa. Mahauta da dillalai ne, kullum suna kan hanyar Parakou. Labari ya riga shi komawa. Kamfanin bai kore shi nan take ba, sun bari damina ta wuce, sannan suka gode masa. Daga baya a kasuwar shanu ya samu wurin zama, yana tafinta tsakanin Fulani da masu saye daga kudu, cikin riga da hula. Mun ci mun sha, ba kamar da ba. Haushina kuwa bai tafi a ranar ba, ya ɗauki watanni, kuma na faɗa masa duk maganganun da na tsara, ban rage ko ɗaya ba.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Da aka watse ta shigo ɗakina ba sallama, idonta jawur. Ta dube ni, ta dubi jaririyar, ta sunkuya ta ɗauke ta daga cinyata ta nufi ƙofa. Mahaifiyata ta tare ta, ta ce ba a fita da jariri kafin suna. Inna ta ce yau za a fita. Ta kai ta tsakar gida inda rana ta fi haske, ta yaye zanen da ke fuskarta, ta ɗaga murya ta kira ɗanta.

Ya shigo yana jan ƙafa. Namiji ba ya ɗaukar 'yar fari a gaban iyaye, balle a gidan surukai, don haka ya tsaya nesa ya kau da kai.

"Bar kunyar nan," ta ce. "Zo ka karɓe ta. Ka dube ta da kyau tun kana gani."

Ya miƙa hannu biyu, ta ɗora masa. Ya ɗaga yarinyar har hancinsa yana taɓa goshinta, ya juya ta wajen haske, ya bi fuskar kaɗan-kaɗan daga gashi zuwa haɓa, ya sake dawowa. Matan gida duk suna tsaye. Ya daɗe a haka, kuma ba wanda ya ce masa rana ta yi wa jaririyar yawa.